Ƙofar Kawu da Ba Ta da Inuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu a ƙarshen bazarar bana, a nan Ƙaura, lokacin da hadari ke haɗuwa da yamma ya watse ba ko ɗigo. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa tun ina tatata bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

Jama'a sun zo, wallahi sun zo. Motoci daga Shinkafi, babura daga Zurmi, manoman Sakajiki a ƙafa. Sai dai da aka dawo daga maƙabarta aka zo shimfiɗa tabarmin zaman makoki, aka tsaya cirko-cirko ana kallon juna. Duk unguwar nan, kowace ƙofa da itacenta, dogon yaro ne ko mangwaro ko zogale, ban da ƙofar mamacin. Tasa fayau take, rana na dukanta tun hantsi har la'asar.

Nan maƙwabta suka fara jayayya. Wannan ya ce a zo ƙarƙashin nasa, wancan ya rantse nasa ya fi duhu, kuma ai Kawu ne ya ba shi dashen da hannunsa. Har murya ta fara tashi, sai da liman ya raba, maza can, mata nan. Wani direba da ya zo daga Shinkafi ya kama haɓa ya ce, "Ikon Allah! Mutumin da yas sa kowa dashe, shi tashi ƙohwa ko tsinke babu?" Bappa, tsohon abokin Kawu, Bafulatanin Katuru, ya jingina da sandarsa yana share ido da gefen rawani.

Inna kuwa, matar Kawu, abin da ya dame ta daban. Akwai wani tsohon kwando da ta kife a gindin bango, dab da ƙofa, ta danne shi da dutse. Duk wanda ya matsa kusa sai ka ji muryarta daga cikin zaure: "Kai! Ja baya da wurin nan!" Matar da ke cikin takaba, ido ya kumbura, amma tana gadin kwando. Na ɗauka kaza ce ke kwanci, har na ji haushinta a raina.

Ni a lokacin abu ɗaya ke cin zuciyata, kuma na san shi ake raɗa a kan tabarmi. A dokar unguwar, wanda ya dasa itace a ƙofarsa, gidan ya zama nasa da na bayansa. Wanda bai dasa ba, aro yake zaune, ranar da ya tashi sai a ba iyalin da ke jiran layi. Kawu ne ya kafa dokar da bakinsa, kuma shi kaɗai ne bai dasa ba. Ga Inna ta tsufa, ga jikoki biyu marayu a hannunta. Ina za su?

Bari in koma baya, don wanda bai san Kawu ba ya san shi.

Manomi ne kuma magini, daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Gajere, mai faɗin ƙafa, ba ya tafiya a hankali ko masallaci za shi. In ya shiga ɗakin mutum, kafin ya gama gaisuwa idonsa na kan bango, sai ka ji ya ce, "Wa yai maka wanga aiki? Allah shi yahe mai." Da daji ya ɓaci, kwana a gida ya gagara, ya kwaso Inna da jikoki suka sauka a gidana, ni da nake koyarwa a firamare, ɗakuna biyu gare ni. Ya shigo da galmarsa a kafaɗa, ya rataye ta a bayan ƙofa ya ce, "Uwata, aron wuri muka yi. In ruwa ya sauka mun koma." Ruwa ya sauka, ya ɗauke, ya sake sauka, ba su koma ba. Amma duk bazara sai ya sauke galmar nan ya wasa ta.

Su da ke da ni sun ji daɗi. Wasu da suka gudo irinsu a kangon mutane suke, wasu a rumfunan kasuwa, wasu a azuzuwan makarantarmu, da safe su naɗe tabarmi kafin yara su shigo. Kuɗin haya a gari ya tashi, ɗakin da ko akuya ba za ka ɗaure ba sai a ce ka biya na shekara. Kawu ba ya iya ganin irin wannan ya yi shiru. Wata rana ya dawo ƙafa duk ƙaya ya ce ya ga fili. Tsohon filin hukuma ne a bayan gari, inda aka ce da can ana awon auduga, ba abin da ke cikinsa sai tumfafiya da awaki.

Na ce, "Kawu, filin hukuma fa ka ce. Kai wa ka sani a sakatariya?"

Ya ce, "Masu sanin wani can, wa sunka sani kahin su san shi? Ke dai ba ki san komi ba sai alli."

Haka ya dinga zuwa. Ba ya roƙo, ba ya faɗa. Ya je ya gaishe da masu gadi, ya zauna a benci, in Ciyaman na ƙaramar hukuma ya fito, Kawu ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, hilin nan dai yana nan, awaki na gaishe ka." Tun ana dariya har aka saba da shi, har ranar da bai je ba sai a tambaya ko lafiya. Daga ƙarshe Ciyaman ya kira shi ciki ya ce an ba su, amma aro, har Allah Ya kawo zaman lafiya kowa ya koma garinsu.

Fili ya samu, saura abin gini. A nan na ga wani Kawun da ban sani ba. Ƙasa da hannu bai nemi na kowa ba, gayya ya kira. Ranar da aka sa, maza su kwaɓa, su yi tubali, mata su ɗebo ruwa su dama fura, shi yana tsakiya yana auna ɗaki da tafin ƙafarsa yana masifa. Abin da ƙasa ba ta bayarwa, wato kwano da katako da ƙusa da ƙyaure, shi ya shiga nema. Da kaka ya bi manoman Sakajiki gona-gona ya ce in za su fitar da zakka su tuna da masu kwana a aji. Ranar kasuwar Shinkafi ya hau mota ya bi rumfunan masu kwano. Matan unguwar suka kafa adashi, wadda ta kwasa ba zane ba kwalla, sai ƙyaure. Bappa ya koro bijimi tun daga Katuru ya ɗaure a filin ya ce a sayar, sannan ya juya ya ce wa Kawu, "Kaɗo, ga shi nan, kada ka cinye da tuwo." Kawu ya ce, "Da nono za ni sha, tunda kai ba ka san wani abinci ba." Haka suke tun suna samari.

Gaban filin da ke kallon titi kuwa ya hana kowa. Wani mai hali ya zo ya ce a bar masa gaban ya yi shaguna, shi kuma ya rufa wa kowa ɗaki a lokaci guda. Mutane suka ji daɗi, ni ma na ce a karɓa. Kawu ya ƙi, ya ce in an sayar da gaban, waɗanda za su zo gobe da me za a rufa musu? Aka yi ta jin haushinsa. Shagunan ƙasa ya sa aka yi, ƙanana, aka ba masu shayi da masu faci haya, abin da ya shigo a sayi kwanon gida na gaba. Har yau da su ake rufi.

Sai abu ya tsaya. Masu bayarwa suka fara ja da baya, kuma ba rowa ba ce. Wani dattijo a Shinkafi ya faɗa masa gaskiya: "Malam, mu zuba dukiya bisa hilin aro, gobe a ce ku tashi?" Su kansu mazauna wurin zaman ɗar-ɗar suke. Ba mai haƙa rijiya, ba mai yin daɓe mai kyau, balle dashe. Kowa a ƙasar nan ya san in an ara maka gona, ka shuka gero, ka shuka dawa, amma ba ka dasa itace. Ranar da ka dasa, ka ce wurin naka ne, kuma ka nemi rigima. Ga sabon kwano, ga rana, ba inuwa ko ta tsayuwa. Jarirai suka dinga kwana kuka, tsofaffi suna bin gindin bango kamar ƙadangaru.

Ana haka aka haifi ɗa na farko a unguwar. Kawu ya je da kansa ya gayyaci Ciyaman suna, ya kuma san yadda ya yi aka ja walimar har rana ta take. Ina nan, da idona na gani. Aka ajiye wa Ciyaman kujera a tsakiyar fili, babbar riga ta jiƙe sharkaf, yana fifita da hula. Ya ce, "Baba, wurin nan ba ku da inuwa ne?"

Kawu ya ce, "Ina muka ga inuwa, ranka shi daɗe? Aro muke."

Sai ya shiga ya fito da ɗan dashen dogon yaro a cikin gwangwani, ya ajiye a gaban kujerar. Ramin ma ashe an riga an haƙa, an rufe da faifai. Ni kam na ce a raina yau Kawu ya jawo mana kora.

Ciyaman ɗan manomi ne, ba sai an yi masa fassara ba. Ya dubi dashen, ya dubi mai jego da ke leƙowa daga ƙofa, ya dubi Kawu, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Baba, ka san abin da kake sa ni?"

"Na sani. Kai ma ka sani."

Ciyaman ya miƙe daga kujera. Sannan ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya ce bismillah, ya sa dashen a rami ya tura ƙasa da hannunsa. Mata suka ɗauki guɗa. Daga baya hukuma ta yi nata aikin, aka zo aka auna, aka tabbatar wa unguwar da filin a rubuce, har da famfon burtsatse. Amma ka tambayi kowa a nan yaushe filin ya zama nasu, zai ce maka ranar suna. Allah Ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, ya san abin da ya yi, kuma bai janye ba.

Daga nan kwano ya dawo, zakka ta dawo. A taron da aka yi bayan sallar Juma'a ne Kawu ya kawo dokar nan ta dashe, don ya ce akwai masu niyyar zama, akwai masu jiran hanya ta buɗe, kada a riƙe ɗaki a rufe alhali wasu na kwana a aji. Kowa ya yarda. Ya dinga yawo da gwangwanaye yana rabawa, yana zagin wanda ya bar akuya ta ci nasa. Matar da mijinta ya rasu a hanya, ba ta da mai haƙa mata, shi ya haƙa, ya kewaye da ƙaya, ya yi ta ban ruwa har ya kama. Damina ta zagayo unguwa ta yi kore, sai ƙofa ɗaya.

A kan wannan muka yi faɗa, faɗa na gaske. Inna ce ta same ni ta ce, "Ɗiyata, ki yi mai magana. Ni na gaji da zama bisa ƙulli. Kayana na aure har yau ba shi bari in kwance." Na je na yi magana da daɗi, ya ce shayi ya yi sanyi. Na sake, ya kunna rediyo. Ni kuma ba a yi mini haka. Na bari ya tafi Shinkafi, na sayo dashen mangwaro mai aure, na dasa a ƙofar, na zuba taki, na koma gida ina jin na gama da shi.

Washegari na tarar da mangwarona a ƙofar maƙwabci, an dasa shi da kyau har da kewaye. Raina ya ɓaci. Na shiga ko sallama ban gama ba na ce, "Kawu, wannan wane irin taurin kai ne? Ka zaunar da gari guda, kai ka ƙi zama? In ka faɗi yau, Inna da yaran nan fa? Dokarka ce za ta fitar da su!"

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Uwata, ubana na kwance can. Uwata ta gaske, wadda kika ci sunanta, tana can. Ɗana na can. Giginyun da kakana ya dasa bakin gona suna can tsaye. In na dasa nan, na ce masu ba ni dawowa. Ke ce za ki hwaɗa masu, ko ni?"

Duk da haka ban sauko ba. Na ce masu rai sun fi bukatarsa. Na fita ina kuka, na yi kwanaki ban taka gidan ba. Shi ya fara zuwa, da rake a hannu, ya tsaya a ƙofa ya ce, "A gaya ma hedimasta ɗalibinta ya zo biko." Na yi dariya ba don na so ba. Ba mu sake tayar da maganar ba, ni da shi, har ya koma ga Allah.

A shekararsa ta ƙarshe ya rage sauri. Ya bar hawa bango, sai dai ya zauna ya nuna da sanda. Na lura ya canja wurin alwala, ya bar bakin rariya ya koma gindin bango dab da ƙofa, na ce tsufa ne, ba ya son nisa. Bazarar bana kuma bai sauke galma ba. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Yakan zauna da yamma yana kallon yara na wasa a ƙarƙashin dogon yaron Ciyaman, wanda yanzu ya fi soro tsawo, ya ce, "Kin gani ko? Waɗanga ba su san wani gari ba." Ban ji baƙin ciki a muryarsa ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, dattawan unguwa suka shigo zaure. Kowa na sunkuyar da kai. Ba mai son fitar da Inna, amma ga iyalai na jira, ga doka, kuma ta mamacin ce. In an karya ta a kan gidansa, an karya ta ke nan. Liman ya yi gyaran murya ya fara kewaye-kewaye, ya ce ko za a roƙi jama'a alfarma. Ni na riga na shirya, na ce Inna da yara su dawo wurina, ɗakuna biyun nan da suka ɗauke mu da, za su sake ɗaukarmu.

Inna ta ce, "Kun gama?" Ta yafa mayafi ta fito, muka biyo ta. Ta ce wa Bappa ya ɗauke dutsen. Ta ɗaga kwandon.

Ba kaza. Wani ganye ne ƙwaya ɗaya, kore shar, mai tauri, ya tsago ƙasa bai fi tsawon tafin hannu ba. Manoman da ke wurin ba su bukaci bayani ba. Wani ya ce, "Giginya!"

Bappa ne ya ba da labari, yana yi yana tsayawa. Bara da damina ya bi da shanu ta gefen ƙauyen su Kawu. Kawu ya roƙe shi, in ya ga hali, ya tsinto masa ƙwallo ɗaya a ƙarƙashin giginyun kakansa. Ya tsinto, ya kawo a cikin jakarsa. Inna ta karɓa ta ce, "Bayan sallar asuba ya haƙa da hannunai ya binne. Kullum nan shika alwala don ta sha. Ta daɗe ƙasa ba ta nuna ba, har ya ce ko ta ƙi baƙon wuri. Ana sauran kwanaki ya kwanta ta huddo. Ya gani da idonai."

Liman ya ce Allahu akbar, ya ce magana ta ƙare, gida na Inna ne da jikokinta. Wani ya ce ai giginya sai yaran nan sun yi furfura kafin su sha 'ya'yanta. Inna ta ce, "Awo. Shi ma haka ya ce."

Ni dai na durƙusa a gaban ganyen nan, hawaye na zuba. Na ce, "Inna, kina kallo ina ta haukata, ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Shi ya hana. Ya ce, kada ki gaya ma Uwata, sai ta ce ita ta ci."

To, Kawu, na ji, kuma ban ce na ci ba. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata maka makwanci kamar yadda ka nema wa bayinSa wurin kwana, Ya haɗa ka da waɗanda ka ƙi juya wa baya. Inna ta kwance ƙullinta, ta jera kwanoninta a bango. Galmarka na nan a rataye. Ruwan farko ya sauka jiya, na je da sassafe na duba, na kewaye giginyar da ƙaya saboda awaki.